Kwanon Tangaran Mai Zanen Lemo

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo su. Amma maganar kwanon tangaran ɗin da na saya ta waya, ɗan ƙasar Italiya, wannan kam ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina. Wani zai ce kwano ne kawai, ƙasa ce aka gasa aka yi wa zane. Haka ne. Ni ma da a ce labarin wata ne, abin da zan ce ke nan.

A Kwandiko aka haife ni, can ƙasar Gwaram, kuma ni ce 'yar fari a wurin Inna. Kun dai san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce "ke," ko ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini waccan." Ba ta hira da ni, ba ta cin abinci tare da ni, in na yi abin kirki ba ta yabawa a gabana, in na yi laifi ma sau da yawa sai ta tura ni wurin gwaggona ta yi mini faɗa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Sai dai yana sa yaro ya tashi yana karanta fuskar uwarsa maimakon bakinta, kuma mai karatun fuska yakan yi kuskure.

Baba manomi ne, amma lokacin yana saurayi ya yi wasu shekaru yana dafa wa Turawan Italiya abinci, waɗanda suka zo aikin titi a yankinmu. Da za su tashi, matar babbansu ta ba shi wani kwano mai zurfi na tangaran. Fari ne tas, bakinsa da zagayen shuɗi, a cikinsa an zana lemo guda uku da ganyensu. Ba kore ba ne irin lemon tsaminmu, ruwan ɗorawa ne mai haske, har sai ka ji kamar ka kai hannu ka tsinko. Da Baba ya yi aure sai ya ba Inna, ita kuma ta sa shi a tsakiyar jerenta, can saman kabad mai gilashi, fanteka da langa da samira suna kewaye da shi. Duk ranar Juma'a sai ta buɗe kabad ɗin ta sauko da shi ta goge. In zobenta ya taɓa bakinsa yakan yi wata ƙara siririya mai daɗi, tana daɗewa kafin ta mutu. Ina tsaye a bakin ƙofa ina saurare.

Ba a taɓa zuba abinci a cikinsa ba. Inna takan ce na babban baƙo ne. Baba mutum ne mai barkwanci, yakan leƙo ɗakin ya ce, "Wai ni yaushe zan zama baƙo a gidan nan? Ko sai na tafi Kano na yi wata guda na dawo da sallama?" Inna ta ce, "Ka bari Sallah, Malam." In Sallah ta zo sai ta ce gida ya cika da yara, za su fasa. Haka aka yi ta yi, shekara tana bin shekara, babban baƙon nan bai zo ba.

A daminar da aka ba mu Jihar Jigawa na dawo hutu daga makarantar sakandare ta Birnin Kudu, na tarar da Baba a kwance. Mutane suna ta murna a rediyo, mu kuwa gidanmu shiru. Ya rame, ba ya iya cin komai. Wata rana da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, Inna ta yi masa faten tsaki da yakuwa, ta bar shi a kan murhu ta shiga maƙwabta karɓo man shanu. Na shiga gaishe shi, na ce Baba a kawo fate? Ya yi murmushi da ƙyar ya ce, "In a kwanon Baturiya ne, zan sha." Wasa yake yi, na sani. Amma ni yarinya ce mai shekara goma sha uku, ina ganin ubana yana ƙarewa a kan tabarma. Na san inda Inna take ajiye makulli. Na hau kan turmi na sauko da kwanon, na ɗauraye, na zuba fate yana tururi.

Abin da ban sani ba shi ne tangaran yana ɗaukar zafi a hankali, sai ka yi nisa da shi sannan ya kama maka yatsu. Tsakar gida kuma ga santsin ruwan sama. Saura taku uku in kai ƙofar Baba ƙafata ta zame.

Har yau ina jin ƙarar. Inna ta shigo daidai lokacin, da ɗan kwanon man shanu a hannunta. Ta dubi ƙasa, ta dube ni. Ta durƙusa tana tsince gutsattsarin tana zubawa a haɓar zanenta, hawaye yana sauka a kan hannunta. Baba ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce, "Mene ne ya fashe?" Ta ce, "Ba komai, Malam. Kasko ne." Bai kai ƙarshen daminar nan ba Allah ya karɓi abinsa.

Washegarin fashewar, ina shara, na tsinci guntu ɗaya a bayan randa, mai rabin lemo da ganye guda. Na ɓoye shi. Da shi na koma makaranta, da shi aka kai ni ɗakin mijina a Birnin Kudu, yana cikin gwangwanin da nake ajiye allura da maɓallai. Shekara talatin da wani abu Inna ba ta taɓa tayar da maganar kwanon ba, ni ma ban taɓa ba. Gurbinsa a kabad kuwa ba ta sa komai a ciki ba. Duk zuwan da zan yi Kwandiko sai idona ya kai wurin, sai in ji kamar da ni wannan fili yake magana. Na riƙe a raina cewa Inna ba ta yafe mini ba, kunyar 'yar fari ce kawai ta hana ta faɗa. In na yi sallah ina roƙa wa iyayena gafara, sai in ƙara da cewa Allah ya sa Inna ta huce.

Ina da maƙwabciya, ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin garinmu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Mun shaƙu ƙwarai, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Wata rana ta shigo aron zare, ta zazzage gwangwanin nan a kan tabarma, sai ga guntun tangaran. Ta ɗaga shi ta ce, "Maman yara, wannan kuma fa? Ko asiri kike yi wa maigidanki?" Na yi dariya, daga dariyar kuma sai kuka. Ranar na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba, har mijina.

Da na gama sai ta ce, "Ai irin waɗannan har yanzu ana yin su. Kawo wayarki."

Ni a lokacin waya ba ta wuce gaisawa da 'yan uwa da sauraron karatu a wurina ba. Sista ta rubuta 'yan kalmomi da Turanci, sai ga hotuna suna ta zubowa, kwanuka da farantai na Italiya, wasu da zanen inabi, wasu zaitun, wasu kuma lemo. Lemon nan dai, ruwan ɗorawa, da ganyensa. Sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida na sha iska.

Daga ranar na shiga wani hali. In na gama aikin gida, tsakanin azahar da la'asar, sai in zauna a gindin darbejiya da waya a hannun dama, guntun tangaran a hagu, ina gwadawa. Na koyi abubuwa. Na gane akwai na gaske da ake zanawa da hannu, akwai kuma na kwaikwayo da inji yake bugawa, waɗanda lemonsu duk kamarsu ɗaya kamar an haife su rana guda. Na koyi cewa a nemi mai kaya ya juya gindin kwano a ga tambarin inda aka yi shi. Na koyi karanta abin da waɗanda suka riga ni saye suka rubuta a ƙasan hoto. Sista ta gargaɗe ni a kan girma. Ta ce ita ta taɓa sayen tukunya ta waya, a hoto kamar ta dafa wa gidan biki, da ta iso sai ga abu kamar kofin shayi. Don haka na ɗauko tef ɗin awon ɗinki, na tuna faɗin kwanon Inna da tafin hannuna biyu, na auna a kan faifai, na rubuta a takarda.

Na yi kusan wata biyu ina zaɓe. Wannan shuɗinsa ya yi duhu, wancan lemonsa huɗu ne, wancan kuma ganyen ya yi yawa. Yanzu in na tuna sai in ga wautata, don a lokacin idon Inna ya fara yana, kullum ganinta raguwa yake, ni kuwa ina nan ina ƙirga ganye.

A ƙarshe na samu wata mata a Legas mai shigo da su daga Italiya. Kwanonta mai zurfi ne, bakinsa shuɗi, lemo uku. Sai dai ta ce ba ta raba shi da 'yan uwansa, saiti ne na mutum shida, farantai shimfiɗaɗɗu shida, masu ɗan zurfi shida, sannan babban kwanon. Na nuna wa Malam, wato maigidana. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, mu da muke sa hannu a tire ɗaya, yanzu kowa zai ja farantinsa ya koma gefe kamar masu gaba? Kuma wannan shimfiɗaɗɗen, in aka zuba miyar kuka ai sai ta bi ta kan tabarma ta tafi maƙwabta." Na ce ba don mu ba ne, don Inna ne, na ba shi labarin a taƙaice. Bai ƙara wasa ba. Ya ce, "Ki saya. Allah ya sa a dace."

Abu ɗaya ya rage mini. Mu dai ba ma sayen tangaran sai mun ƙwanƙwasa shi da yatsa mun ji amonsa, don mai tsaga a ɓoye muryarsa a dushe take. To yaya za ka ƙwanƙwasa abin da yake Legas? Na rubuta wa matar da ɗan Turancina na sakandare cewa ina roƙon ta buga bakin kwanon da zobe ta turo mini sautin. Ta turo saƙon murya tana dariya, ta ce tunda ta fara sana'ar nan ba wanda ya taɓa neman haka. Sai dariyar ta tsaya, na ji ta buga. Ƙarar nan ce, siririya, mai daɗewa kafin ta mutu. Ina zaune a Birnin Kudu da furfura a kaina, amma sai na gan ni a bakin ƙofar ɗakin Inna ranar Juma'a, Baba yana alwala a tsakar gida. Na saurari saƙon nan ya fi a ƙirga. Tunkiyata na sayar na biya, ban ko yi ciniki ba.

Kayan suka zo Kano, daga can direban motar haya ya kawo su tashar Birnin Kudu. Ni da Sista muka je karɓa. Ba ta yarda a ɗaura kwalin a bayan babur ba, a cinyarta ta rungume shi har gida, tana ce wa mai babur, "Malam, a hankali, mai jego ka ɗauko." Muka buɗe, kowane faranti a naɗe cikin takarda da soso. Ko ɗaya bai fashe ba. Na ɗora guntuna a cikin babban kwanon, rabin lemon ya zauna kusa da ɗan uwansa kamar ba su taɓa rabuwa ba.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa nake ba da wannan labari. Sista ta ce, "Gobe sai Kwandiko ke nan." Na ce a'a. Saura 'yan makonni Babbar Sallah, lokacin duk ƙannena da 'ya'yansu suke taruwa a gida. Na ce abu mai daraja irin wannan ba a kai shi a ranar banza, sai ranar da ta dace. Na wanke su, na jera a kabad ɗina, babban a tsakiya can sama, na kulle, na sa makulli a ƙarƙashin katifa. Ko kaɗan ban ga kamar da na yi da kowa ba.

Sati biyar yana nan. Sai ƙanena ya kawo Inna asibiti a duba idonta, aka ce ta kwana biyu a gari kafin a sake ganinta, ta sauka a wurina. Bayan la'asar tana zaune a ɗakina a kan darduma tana jan carbi, rana ta karkato ta shigo ta taga ta faɗa kan gilashin kabad. Na ga ta tsayar da carbin. Ta ƙanƙance ido ta ce, "Ke, mene ne wancan mai ruwan ɗorawa?"

Ban iya ƙarya ba. Na ɗauko makulli na sauko da shi, na durƙusa na ajiye a gabanta. Ta shafa bakinsa a hankali, ta kai shi dab da fuskarta, sannan ta buga shi da zobenta. Muka saurara har ƙarar ta ƙare.

Na ce, "Inna, na daɗe ina neman irinsa. Ki yafe mini wanda na fasa miki."

Ta ce, "Yaushe ya zo?"

"Sati biyar ke nan."

"Me aka ci a ciki?"

"Ba komai, Inna. Na ce sai Sallah in kawo miki."

Sai ta ajiye kwanon, ta rufe fuskarta da gefen mayafinta. Na zaci tsohon fushin ne ya taso. Da ta buɗe fuska ba ni take kallo ba, bango take kallo, yadda ta saba in dole ta kama ta yi mini magana mai tsawo. Ta ce, "Sai Sallah. Haka na yi ta ce masa. Mutumin nan shi ya kawo kwanon gidan, shekara goma sha biyar yana roƙona da wasa, ina cewa sai babban baƙo. Wane baƙo ne ya fi shi? Ranar da kika fasa, ba kwano nake wa kuka ba. Na ga fate a ƙasa, na gane inda za ki kai shi. Yarinya ƙarama ta yi abin da ni na kasa. Da na ba shi tun yana da lafiya, da bai kai gare ki ba."

Na ce, "Amma Inna, gurbin da kika bari a kabad fa?"

Ta ce, "Don in riƙa gani ina tuna nawa laifin. Ke me kika yi da za a yafe miki?"

Shekara talatin ina ɗauke da kayan da ba nawa ba, ita ma tana ɗauke da nata, tsakaninmu ba nisa sai kunya. Na kifa kaina a gefen dardumarta na yi kuka mai isata. Ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne. Da na lafa sai ta ce, "Akwai tsaki a gidan nan?" Na ce akwai. "Yakuwa fa?" Na ce Sista tana da ita a bayan ɗakinta. Ta ce, "To tashi."

Kafin magariba na gama faten. Na zuba a kwanon, wannan karon na sa tsumma na riƙe, ina taka ƙasa kamar mai koyon tafiya. Na ajiye a gabanta da man shanu, na ja da baya zan fita kamar yadda na saba tun ina yarinya. Sai na ji ta ce, "Ina za ki? Ɗauko cokali ki zo." Tunda aka yaye ni ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da mahaifiyata ba sai ranar. Muka yi bismillah. Muna sha lemon yana fitowa ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin faten. Da muka kusa gamawa ta ce, "Gishirinki ya ɗan yi yawa," ta ci gaba da sha har ta kankare gindin. Sannan ta ɗaga hannu ta yi wa Baba addu'a, na ce amin.

Da za ta koma na naɗe mata kwanon, ta ce in bar shi a nan, a Kwandiko hannunta zai kai shi kabad ko ba ta so. Inna ba ta ga Sallar nan ba. Saura kwana tara zazzaɓi ya kama ta, kwana biyu Allah ya yi mata rasuwa. Sau da yawa nakan zauna in yi tunanin da ba a kawo ta duba ido ba, da rana ba ta faɗa kan gilashin nan ba, da na isa Kwandiko da kwalina na tarar da zaman makoki. Allah ne kawai ya tausaya mini, ba dabarata ba. Sunana dai ba ta faɗa ba har ta tafi, ban kuma nema ba. Cokalin nan ya ishe ni.

Yanzu farantan nan kullum suna cikin kwandon wanke-wanke. Malam yana cin shinkafa da wake a shimfiɗaɗɗen, har yau yana ƙorafin miya tana gudu. Na ba Sista biyu. Jikokina sun fasa ɗaya, wani kuma bakinsa ya ɓantare, ban ɗaga wa kowa murya ba. Babban kwanon kuwa duk Juma'a nakan yi fate a ciki, in kira duk wanda yake gida mu sa hannu. Kafin in zuba nakan buga bakinsa da zobe, in tsaya har ƙarar ta mutu, ina kewar mutum biyu.

Abin da na koya shi ne, babban baƙon da muke ɓoye wa kayanmu masu kyau yana nan cikin gida tare da mu, shi ne wanda muke gani kullum har muka daina ganinsa, kuma ba a ba mu sanin ranar tafiyarsa ba. Abin da kike da shi mai kyau, kwano ne ko magana, ki sauko da shi yau ki ba mai shi. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haɗa mu da su a inda ba a rabuwa.